Zartsi: Yadda Gishiri Ke Taruwa a Ruwa da Yadda Ake Daidaita Shi

Wanda ya bar birnin Daura ya nufi arewa, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai iske Kongolam a cikin ƙasar Mai'aduwa, garin da mutanen wurin suka fi kira Kwangwalam. Nan ce ƙofar ƙarshe ta Nijeriya a kan wannan hanya. In aka ƙetare sai Ɗan Barto, daga nan sai Matamaye, sai Damagaram. Tun ba a san za a kafa ofishin kwastan a wurin ba, wannan yanki yake a kan turbar ayarin da ke tasowa daga Azbin da Damagaram su bi ta Daura da Kazaure su sauka Kano, kuma babban abin da raƙuma da jakunan ayarin ke ɗaukowa shi ne gishiri da kanwa. Bature matafiyi Heinrich Barth cikin irin wannan ayari na gishiri ya taso daga Azbin a ƙarshen shekarar 1850, ko da yake shi ta Tasawa da Katsina ya bi har ya shiga Kano a farkon 1851. Har yau kuwa mai kiwo da ya je kasuwar Mai'aduwa ba ya rasa kanwar da zai saya wa dabbobinsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba gishirin da ba a gani, watau wanda ya narke a cikin ruwa: yadda yake taruwa, da yadda ake auna shi, da yadda ake rage shi ko a ƙara shi ba tare da an halaka abin da ke rayuwa a cikin ruwan ba. Za a ɗauki misali daga wani abu da yake baƙo a ƙasar Hausa, watau akwatin gilashi da ake kiwon kifin teku da murjani a cikinsa, sa'an nan a komo da abin da aka koya zuwa lambu da rijiya da gida.

Kalmomin da Bahaushe ya tanada

Abin da jama'a suka daɗe suna hulɗa da shi, a harshensu ake gane shi. Bahaushe ya raba ruwa gida biyu, ruwan daɗi da ruwan zartsi, kuma ya lura na biyun ba mutum ne ya zuba masa kome ba, daga ƙasa ya ɗauko ɗanɗanonsa. Miyar da gishiri ya yi mata kaɗan lami ce. Wanda ya faɗi abin da ya wuce gaskiya an ce ya yi ƙarin gishiri, kuma a cikin wannan magana akwai hukunci, watau gishiri abu ne mai iyaka, in ya wuce ta ya ɓata abin da ya zo gyarawa. Mutumin da ba a taɓa shi a kwana lafiya ana cewa ba kanwar lasa ba ne, wannan kuwa daga garke aka ɗauko ta, inda ake ajiye wa dabbobi kanwa suna lasa a lokacin da suka ga dama.

Haka kuma kowane iri yana da sunansa. Akwai kantu da beza daga Bilma da Fachi, akwai mangul daga ƙasar Manga, akwai foga daga kwarin Foga da ke kusa da Gaya ta Nijar, akwai kuma gishirin Awe da Keana daga kudu. A ɓangaren kanwa akwai ja, akwai fara, akwai ungurnu da ake kawowa daga gabashin tafkin Chadi. Sakkwatawa ma gishirin miya kansa manda suke ce masa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya tattara labarin wannan fatauci a littafin da ya buga a shekarar 1986, kuma mai neman sanin yawan dukiyar da ta bi waɗannan hanyoyi can ya kamata ya duba.

Abin lura a nan shi ne yadda ake samun waɗannan ire-ire. A Bilma ramuka ake haƙawa har a tarar da ruwan ƙasa mai zartsi, a bar shi a rana. In ɓawon gishiri ya kama a sama sai a farfasa shi ya nutse, wani ya sake kamawa, har ramin ya tara abin kwasa. Mai tsabtar shi ne beza, abincin mutane, sauran kuwa a cuɗa a zuba a mazubi ya fito kantu, na dabbobi. A Manga ƙasar ake kankarowa a tace ta da ruwa, a dafa ruwan a tukwane har ya ƙafe. Ko rana ko wuta, hikimar ɗaya ce: ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Duk abin da za a faɗa nan gaba a kan wannan ƙa'ida ya tsaya.

Tafkin Chadi ya isa abin mamaki a wannan fanni. Ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, rana kuwa tana shan mafi yawan abin da kogin Shari ke kawo masa, saboda haka da an zaci tuni ya zama ruwan zartsi. Amma ruwan daɗi ne, ana sha, ana ban ruwa da shi. Babban dalili shi ne wani kaso na ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin, ya je ya ɓullo a kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi na Kanem, inda rana ke busar da shi ya zama kanwa. Ashe ungurnun da ake sayarwa a kasuwa dattin da tafkin ya fitar ne don ya zauna da daɗinsa.

Ma'aunin teku da jinin mai rai

A kowane kilo ɗaya na ruwan babbar teku akwai gishiri kimanin giram 35. Ba duka ne gishirin miya ba. Kuloraid ya kai kashi 55 cikin ɗari, sodiyam kusan kashi 31, sauran kuwa salfet ne da maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu ƙanana. A shekarar 1884 wani masani mai suna William Dittmar ya gama binciken kwalabe 77 na ruwan da jirgin Challenger ya ɗebo daga tekunan duniya tsakanin 1872 da 1876, ya tabbatar da cewa ko da yawan gishirin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, rabon waɗannan sinadarai a tsakaninsu bai canzawa. Amfanin wannan shi ne in an auna abu ɗaya an san sauran. Bahar Maliya, wadda alhazai ke gani a Jidda, ta kai giram 40, saboda zafin rana da rashin kogunan da ke zuba mata. Tekun Baltik ta arewacin Turai ba ta kai giram 10 ba a yawancin sassanta. Tekun Lut kuwa ta ninka babbar teku kusan sau goma.

Jinin ɗan Adam daidai yake da ruwa mai giram 9 a lita, shi ya sa ruwan da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti aka haɗa shi a kan wannan awo. Jinin yawancin kifaye ma bai yi nisa da haka ba, watau wajen sulusin na teku.

Me ya sa wannan bambanci ya zama abin damuwa? Duk wadda ta taɓa yanka albasa ta barbaɗa mata gishiri ta ga amsar: ba a jimawa sai ruwa ya fito, albasar ta yi laushi. Haka majemi ke yi wa ɗanyar fata don kada ta ruɓe. In aka raba ruwa biyu da wata 'yar fata mai barin ruwa ya wuce amma ta tare gishiri, to ruwa zai riƙa gudu daga ɓangaren da gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Masana suna kiran wannan osmosis. Jikin kowane mai rai kuwa, dabba ko tsiro, da irin wannan fata aka lulluɓe kowace ƙwayar halittarsa.

Saboda haka tarwaɗa da ke cikin tafki kullum ruwa shigarta yake yi, domin jininta ya fi ruwan tafkin gishiri. Ba ta bukatar sha. Aikinta shi ne fitar da fitsari mai yawa marar gishiri, da tsotso ɗan gishirin da ke cikin ruwan ta jajayen sassan nan na gefen kanta da take numfashi da su. Kifin teku kuwa akasin haka yake fama da shi. Yana tsakiyar ruwa amma ƙishirwa ke neman kashe shi, domin teku tana zuƙe ruwan jikinsa. A shekarar 1930 Homer Smith ya nuna cewa kifin teku shan ruwan yake yi, ya fitar da gishirin ta wurin numfashinsa, ya taƙaita fitsari. Kowannensu jikinsa ya saba da aiki ɗaya, kuma in za a sauya masa sai an ba shi kwanaki. Murjani da danginsa ba su da ko wannan dabara. Yadda ruwan da ke kewaye da su yake, haka ruwan jikinsu yake komawa, saboda haka duk kuskuren da aka yi a waje a take yake shiga cikinsu.

Teku a cikin akwati

Murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya, wanda fatake suka riƙa kawowa daga Bahar Rum ta hamada, ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ce. Danginta ne suke gina duwatsun nan na ƙarƙashin ruwa a tekuna masu ɗumi, irin waɗanda ke bakin Jidda. An buɗe gidan nuna halittun ruwa na farko ga jama'a a gidan dabbobi na Landan a 1853, kuma a 1854 Philip Gosse, wanda ya yaɗa kalmar akwariyam, ya bayyana yadda za a haɗa ruwan teku da hannu don waɗanda ke nesa da gaɓa. A yau gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki a buhu ake sayar da shi. Gishirin miya ba ya yi, domin babu kalsiyam da maganiziyam da murjani ke gina ƙashinsa da su.

Ba ana kawo wannan misali don a kwaɗaita wa mutanen Daura kiwon murjani ba ne. Abu ne mai cin kuɗi, yana son wutar lantarki dare da rana, yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, alhali bazarar Daura tana haura 40. Dalilin kawo shi shi ne akwatin ƙaramar duniya ce a rufe, kuskuren da zai ɗauki shekara goma kafin ya bayyana a gona a nan cikin mako guda ake ganin sakamakonsa.

A ɗauka akwati ne mai cin lita 200, an haɗa shi a kan giram 35 a kowace lita. (A haƙiƙa da kilo ake lissafin, ba da lita ba, amma bambancin kaɗan ne, ba zai ɓata misalin ba.) Gishirin da ke ciki kilo 7 ke nan. Bayan 'yan kwanaki sai a ga ruwan ya ja baya da lita 10. Gishirin yana nan kilo 7, amma yanzu a cikin lita 190 yake, watau kowace lita ta koma kusan giram 37. Nan ne sabon shiga yake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa: ya ga ruwan teku ya ragu, sai hankalinsa ya ba shi ya cika da ruwan teku. In ya yi haka ya ƙara giram 350 a kan abin da bai ragu ba. In ya maimaita sau goma, gishirin ya zama kilo 10 da rabi, kowace lita ta haura giram 52, kuma tun kafin a kai nan murjanin ya mutu. Abin da ya tashi ruwan daɗi ne zalla, saboda haka da tataccen ruwan daɗi ake mayar da shi. Ruwan gishiri ana zuba shi ne kawai a madadin ruwan gishirin da aka kwashe da hannu.

Kafin a gyara kome sai an auna, kuma kafin a yarda da awon sai an tuhumi ma'aunin. Wanda ya ga hatsinsa ya kasa, ya fara duba ko mudun ne ya lotsa kafin ya kira ma'auni ɓarawo. Kayan awon iri uku ne. Na farko wani ɗan gilashi ne mai yawo a kan ruwa, wanda ke nuna nauyin ruwan in an gwada shi da ruwan daɗi. Yadda ɗanyen ƙwai ke nutsewa a ruwan rijiya amma ya taso in an narka gishiri mai yawa a ciki, haka wannan yake aiki. Ruwan teku yana nuna 1.026 ko kusa da haka. Aibinsa shi ne ruwan ɗumi ya fi na sanyi sauƙi, saboda haka ruwa ɗaya zai ba da amsa biyu, ɗaya da asuba ɗaya da azahar, in ba a lura da zafinsa ba. Na biyu yana auna yadda haske ke karkata in ya ratsa ɗigon ruwan. Na uku yana auna yadda ruwan ke ɗaukar lantarki, domin gwargwadon gishirinsa gwargwadon ɗaukarsa. Kowannensu yana kaucewa da daɗewa, sai an riƙa gwada shi da ruwan da aka riga aka san awonsa. Akwatuna da yawa sun lalace ne saboda mai su ya yi ta gyaran ruwan da ba shi da laifi.

In an tabbata gishiri ya yi yawa, alal misali ya kai giram 38 ana son 35, lissafin ba wuya. Rarar giram 3 ce cikin 38, saboda haka kashi 3 cikin 38 na ruwan za a kwashe a mayar da ruwan daɗi, watau kusan lita 16 cikin 200. Amma ba a rana ɗaya ba. Masu wannan sana'a sun saba kada canjin ya wuce wajen giram ɗaya a lita a yini, saboda haka sai a raba aikin kwana uku ko huɗu, ana yi ana aunawa. In kuwa ƙaranci ya yi, kamar giram 32, abin da ya kasa giram 600 ne a akwatin duka, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a juya kuskuren nan na sabon shiga ya zama magani: a riƙa cika abin da ya ƙafe da ruwan gishiri har lita 17 ko kusa da haka, a tsaya da zarar awo ya kai. Ba a zuba busasshen gishiri a cikin akwatin, domin duk ƙwayar da ta sauka a kan murjani ƙona shi za ta yi. A wani mazubi dabam ake narka shi, a bar shi ya kwana yana motsi, zafinsa ya yi daidai da na akwatin. Kuma ɗagawa ta fi saukarwa haɗari ga kifi, domin ita ce ke zuƙe masa ruwan jiki, don haka an fi yin ta a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Komowa lambu

Ƙasar Daura tana samun ruwan sama wajen milimita 500 zuwa 700 a shekarar da ta yi daidai, duka a cikin wata huɗu ko ƙasa da haka. Abin da rana da iskar hunturu ke iya shanyewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara kuwa ya kai milimita 2,000. Duk mai noman rani a fadama, ko a bakin madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, ko mai tayar da ruwa daga rijiyar burtsatse da inji, a cikin wannan lissafi yake, ko ya sani ko bai sani ba. Lambunsa akwati ne, kuma kowace safiya yana cika abin da ya ƙafe da ruwan da ba zalla ba ne.

A ɗauki ruwa mai rabin giram a lita, wanda harshe ba zai ji masa zartsi ba ko kaɗan. Hekta ɗaya da aka yi wa ban ruwa na milimita 800 a rani ta sha lita miliyan 8. Rabin giram sau miliyan 8 kilo 4,000 ne, watau buhu 80 masu kilo 50. Manomin da zai yi faɗa in an zuba masa buhu guda na gishiri a gona, shi da kansa ya zuba tamanin, shuka ta sha ruwan, rana ta sha saura, gishirin ya zauna. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a jagoran da ta fitar a 1976 ta sabunta a 1985, ta sa ruwan da bai kai miligiram 450 a lita ba a matsayin marar matsala, daga nan zuwa 2,000 sai da kula, abin da ya haura haka kuwa matsala ce babba. Harshen mutum sai ruwa ya doshi miligiram 1,000 yake fara ƙin sa sosai. Ma'ana, albasa tana jin zartsi kafin mai ita ya ji.

Shuke-shuke ba juriyarsu ɗaya ba. Albasa da karas su ne raggwaye. Tumatir da barkono da kabeji da masara sun ɗan fi su. Alkama da dawa suna da dama-dama. Auduga da sha'ir da dabino su ne jarumai, shi ya sa dabino ke tsaye a Bilma a gefen ramukan gishiri. Alamar farko ita ce shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na da damshi, bakin ganye ya ƙone, tsiro ya fito a tsattsage, daga baya a ga farin ɓawo a kan kunya. Manomi in ya ga haka yakan zaci yunwa ce ya ƙara takin zamani, shi kuwa takin zamani gishiri ne a wannan lissafi, sai ya ƙara wa Barno dawaki.

Abin da ya ceci yawancin gonakin wannan yanki shi ne jigawa. Rairayi ba ya riƙe ruwa, damina tana zuwa ta wanke gishirin rani ta gangara da shi ƙasa da saiwa. Haɗarin yana fadama mai laka, da kuma duk inda yawan ban ruwa ya ɗago ruwan ƙasa har ya rage mita ɗaya ko biyu ya iso sama. A nan ruwan yakan riƙa hawowa da kansa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya ƙafe a sama ya bar kayansa. Magani shi ne irin na tafkin Chadi: a ba gishiri ƙofar fita. Ana ba gona ruwa fiye da bukatar shuka don rarar ta wanke ƙasa, amma wannan ba ya amfani sai da magudanar da za ta kwashe abin da aka wanko. Aikin ban ruwa da aka gina masa hanyar shigowa aka bar hanyar fita don tsimin kuɗi, ramin Bilma aka gina, sai dai a jira shekarun kwasa. Mutanen kudancin Iraƙi sun ga wannan tun da daɗewa. A ƙarni na tara, bayi aka tara a kewayen Basra suna kankare ɓawon gishiri daga gonaki, kuma wahalar wannan aiki tana cikin abin da ya haddasa tawayen Zanj na shekarun 869 zuwa 883.

Wajibi ne kuma malamin gona ya rarrabe abin da Bahaushe ya riga ya rarrabe, watau gishiri dabam kanwa dabam. Kanwa galibinta sodiyam kabonet ne, kuma ɓarnarta a ƙasa ta fi ta gishiri muni. Tana warware laka ta toshe ƙofofin ƙasa, ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, wani lokaci da baƙin ɓawo a kai. Irin wannan ƙasa ƙara mata ruwa ba ya wanke ta, tunda ruwan ba ya ratsawa. Sai an fara zuba mata jifsam, farin dutsen nan da ake samu a ƙasar Sakkwato wanda masana'antun siminti ke amfani da shi, domin kalsiyam ɗinsa ya ture sodiyam, a haɗa da takin gargajiya mai yawa, sa'an nan wanki ya yiwu.

Masu kiwon tarwaɗa a tankuna, waɗanda suka yawaita a garuruwan Jihar Katsina, su ma suna da rabo a nan. Sukan zuba gishiri kaɗan, kamar giram biyu ko uku a lita, don sauƙaƙa wa kifi wahalar jigila ko rage ƙwayoyin cuta na fata, kuma yana amfani domin yana rage ruwan da ke kutsawa jikin kifin. Kuskuren da ake yi shi ne a sake zuba cikakken awo duk lokacin da aka ƙara ruwa. In rabin tankin aka zubar, rabin awo za a mayar. In ƙafewa ya yi aka cika, ba a mayar da kome.

Tukunyar gida

Ɗan Adam ma bai fita daga wannan doka ba. Ƙodarsa ba ta iya fitar da fitsarin da ya kai ruwan teku gishiri, saboda haka wanda ya sha teku don ƙishirwa sai ya fitar da fiye da abin da ya sha. Yaron da ke zawo kuwa ruwa da gishiri yake zubarwa tare, don haka shi tare ake mayar masa da su, da sukari wanda ke taimakon hanji ya tsotse su. Likita Dilip Mahalanabis ya nuna ƙarfin wannan haɗi a 1971 a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladesh, lokacin da kwalara ta ɓarke ruwan ƙari ya ƙare. Ƙunshin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2002 yana da gishirin miya giram 2.6 don lita ɗaya. Uwar da ta narka ƙunshin lita ɗaya a kofi mai cin rabin lita, don tana ganin zai fi ƙarfi, ta ninka gishirin, kuma irin wannan haɗi janyo ruwa yake yi daga jikin yaron zuwa hanjinsa. In babu ƙunshin, rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula shida na sukari, duka a shafe, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Game da kunun kanwa na masu jego, likitoci Davidson da Parry sun danganta shi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, a binciken da suka yi a Zariya cikin shekarun 1970. Babban binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami wannan alaƙa ba, ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na lokacin ciki. Duk da haka kanwa sodiyam ce, kuma matar da aka riga aka gano zuciyarta ta raunana ko jininta ya hau, rage ta ake umartar ta da yi.

Abin da ya rage na ma'aikata ne. Na'urar auna lantarkin ruwa ba ta fi girman alƙalami mai kauri ba, kuma kuɗinta bai kai na tayar mota ɗaya ba. Kowane ofishin gona na ƙaramar hukuma, da kowane mai kula da rijiyoyin burtsatse, ya kamata a ce yana da ita da littafin rajista. Awo ɗaya ba ya faɗin kome, domin ruwan rijiya ɗaya yakan bambanta tsakanin ƙarshen bazara da ƙarshen damina. A auna kowace rijiya da kowace magudana sau biyu a shekara, cikin Mayu kafin ruwa ya sauka da cikin Oktoba bayan ya ɗauke, a rubuta kwanan wata da sunan wurin da lambar da aka samu, a kuma bar littafin a ofis in an yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, domin wanda ya gaje shi ya sami abin da zai gwada nasa awon da shi.